Tulluwar Cikin Kwamfuta Da Ta Maginan Sakkwato

Malaman makaranta da akawuna da yawa sun sha ganin 'ya'yansu sun duƙufa kan waya ko kwamfuta suna jera waɗansu 'yan tubala, har su ta da gida ko masallaci. Sunan wasan nan Minecraft. Wani mutumin ƙasar Suwidin, Markus Persson, shi ya fara fitar da shi cikin 2009, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi cikin 2014. Iyaye sun ɗauke shi ɓata lokaci, sau da yawa kuwa da gaskiyarsu. Amma akwai wuri guda da ya kamata malami ya tsaya ya duba, watau sa'ad da yaro ya gama bango ya zo rufe ɗaki da tulluwa. Nan ne wasa ya kan koma lissafi.

Dalili kuwa, tubalin wasan nan kamar akwati ya ke, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya, ba ya lanƙwasuwa. To, ƙaƙa za a fid da abu kewayayye daga mai kusurwa? Sai a yi shi hawa hawa, ko wane hawa da'ira ce wadda ta fi ta ƙarƙashinta ƙanƙanta. A ce daga cibiyar ɗaki zuwa bango tubali 10 ne. In an hau hawa 6, sai a ɗebe 36 daga 100, saura 64, watau 8 sau 8; ashe da'irar wannan hawa tubali 8 ce daga cibiya. A hawa na 8 ta koma 6. A na 10 ta rufe. Ku duba da kyau: hawa shida na fari tubali 2 kaɗai suka ci, hawa biyu na ƙarshe suka cinye 6. Wannan ita ce ƙa'idar Fitagoras da mu ke ta fama da ɗalibai a kanta bisa allo, ga yaro yana neman ta da kansa don kada masallacinsa ya fito kamar malafa.

Akwai wata hanya kuma. Tun zamanin wasan Quake na 1996, masu shirya wasanni su kan ba jama'a kayan aikin da za su zāna ɗakunan wasa da kansu, irin su Hammer na kamfanin Valve. A cikinsu ba a yarda dunƙule guda ya zama mai rami ba, saboda haka ba a iya ƙwaƙule tulluwa kamar ƙwarya. Sai mutum ya yi baka guda, ya kwafe ta, ya yi ta juya ta kewaye da cibiya, kāna ya cike tsakani da ƙananan gutsattsari. In gutsattsarin sun yi kaɗan tulluwa ta fito da kusurwoyi, in sun yi yawa na'ura ta yi nauyi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san hanyoyin nan biyu tun kafin a yi kwamfuta. Ta farko ita ce ta mai ginin ruhewa a ƙauyukanmu. Ya kan ɗora laka zobe bisa zobe, ya bar ko wane ya sha iska kafin ya ɗora na gaba. Ya san inda haɗari ya ke, can sama inda gini ke saurin rusunawa ciki, shi ya sa ya kan ja shi kamar ƙwai, ya bar baki a bisa, a rufe da ciyawa.

Ta biyu ita ce ɗaurin guga, aikin manyan magina, wanda a ke yi wa zauren sarki da shigifar attajiri da masallaci. Ginshiƙinsa azara ce, watau giginyar da aka tsaga, gama gara ba ta cika cinta ba. Amma azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. To, ɗakin ƙafa 20 fa? Sai magini ya dasa azara cikin bango ta ɗan rusuno, ya ɗaure da igiya, ya shafe da ƙasa, ya jira ta bushe. Sa'an nan ya ɗaura wata a bisanta wadda ta ƙara leƙowa. Haka, daga wannan bango da wancan, har ƙafafun biyu su gamu a tsakiya su zama bakan gizo. In bakunan suka gitta juna an sami ɗaurin guga, a kan kuma liƙa tasa a magamar don ado. Bayan haka a jera azara a tsakani, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a shafe da katsi ko makuba, a sa indararo. Babu takarda, babu siminti, kuma gaggawa ba ta shiga aikin ko kaɗan, don wanda ya ɗora a kan ɗanye ya gina wa mutane kabari.

Sana'ar nan tana da tarihi a garin nan. Kyaftin Clapperton, da ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello cikin 1824, ya tarar Waziri Giɗaɗo yana gina masallaci. Ya ce shugaban maginan Bazazzagi ne, ubansa ya zauna Masar ya bar masa takardun gini, har ya roƙi Baturen abin awo. Ku lura, magini ne ke neman kayan lissafi. A Zariya kuwa Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Jumma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, masana gini na duniya kuma suna lissafa shi cikin mafi kyaun gine-ginen ƙasa a Afirka. Manyan masallatan Sakkwato, na Shehu da na Bello, an sāke su da siminti tun shekarun 1960, daga nan kuwa kwano da bulo suka yi ta korar azara har a cikin unguwanni.

Ga inda kwamfuta ta gaza. A Minecraft tubali ya kan tsaya a sarari ba abin da ya tokare shi, in ban da irin su yashi da tsakuwa. Tulluwar Hammer ba ta ture bango, ruwan Agusta ba ya jiƙa ta. Yaro zai iya gina ɗari bai taɓa sanin cewa rufi yana da nauyi ba, ko kuwa cewa baka tana tura bango waje, wanda shi ya sa bangon soro ya ke da kauri a gindi. Ko Rumawa sun ɗanɗana wannan: ƙubbar Aya Sofiya ta Istambul an gama ta cikin 537, ta rushe cikin 558.

Ni a ganina kwalejojin horon malamai su ya kamata su fara. Ɗalibi ya lissafa da'irorin tulluwa mai tubali 10, ya gina ta a kwamfuta in akwai, in babu a takarda mai gida-gida. Mako na biye a gayyato tsohon magini, tun ana samunsu, a ba ɗalibai kara da igiya da laka su ɗaura baka mai ƙafa 3 a bayan aji. In ta bushe a yi ta ɗora mata tubali ɗaya ɗaya, ana rubuta adadi, har a ga inda za ta fara tsagewa.