Gawo Da Kuka Su Ne Dajin Tsuntsayenmu

A ƙasar Bichi, Ɗambatta, Makoɗa da Minjibir, gona na jingine da gona, ba a bar wa daji ko taki ɗaya ba. Gandun dajin Falgore yana can kudancin jihar Kano. Saboda haka tsuntsun arewacin Kano ba shi da mafaka sai itatuwan da manomi ya bari a gonarsa: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya da kanya. A kansu shamuwa ke sheƙa da faɗuwar damina, a kogonsu mujiya da cilakowa ke ƙyanƙyasa. Gawo kuwa, da yake da rani yake yin ganye, shi ke ciyar da ƙananan tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai.

Abin da ke kayar da waɗannan itatuwa daga ofis yake farawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa kan icce da gawayi, gatari kuma ya koma gonaki, don nan ne iccen yake. Za a ce ai dole talaka ya dafa tuwo. Gaskiya ne, shi ya sa laifin ba nasa ba ne. Wanda ya bar gas da kananzir suka fi ƙarfin aljihunsa shi ya miƙa masa gatarin. Za a kuma ce gwamnati na rabon dashe kowace damina. To amma dashen darbejiya na bana ba shi da kogo, kuma tsamiyar da ta shekara hamsin ba ta dawowa a wa'adin gwamna ɗaya. Asarar kuwa a rumbu take ƙarewa, domin shamuwa ce ke cinye fara, mujiya ke rage ɓeraye.

Maganin yana nan kusa. A Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, suna renon tohon kututture maimakon ƙone shi, kuma da hukuma ta sakar musu mara kan itatuwan gonakinsu, miliyoyin kadada suka farfaɗo. Gwamnatin Kano da masu unguwanni su tallafa wa manomin da ya raya gawo kamar yadda ake tallafa masa da taki, a kuma sauƙaƙa wa gidaje makamashin girki.