Daga buta zuwa muciya: Yadda masu hannu ɗaya ke sauya kayan gida don dogaro da kai

Buta ba ta da nauyi, ba ta da tsada, kuma da wuya a shiga gidan da babu ita. Sai dai wanda ya ƙera ta ya ɗauka mai amfani da ita hannu biyu gare shi: ɗaya ya tsiyaya ruwa, ɗaya ya wanke. Haka tazugen wando yake, haka ashana, haka muciya da tukunya. Mutum ba ya lura da wannan sai ranar da ya rasa hannu, ko hannun ya daina motsi.

Hanyoyin da ke kai mutum ga wannan hali suna da yawa a Arewacin Najeriya. Akwai haɗarin mota da na babur, akwai injin niƙa da na markaɗe da ke fizgar hannun yara masu aiki a kansu, akwai waɗanda bama-bamai suka raunata a Arewa maso Gabas. Likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa kan ɗorin gargajiya da ake ɗaurewa tamau har jini ya daina gudu, hannu ya ruɓe, a ƙarshe sai an yanke. Ga kuma masu shanyewar ɓarin jiki, waɗanda hannun yana nan amma ba ya aikin komai.

Ƙwararrun da ke koya wa irin waɗannan mutane ayyukan yau da kullum suna farawa ne daga abu guda. A mafi yawan ayyuka, hannu na biyu riƙewa kawai yake yi, ɗayan ne ke aikin. Saboda haka tambayar ita ce: me zai riƙe abin a madadinsa? Amsar kan zama ƙusa, ko roba, ko gwiwa, ko tafin ƙafa.

Tsarki da alwala

Nan ne abin ya fi ciwo, domin shi ne wanda babba ba ya son neman taimako a kai. Magidancin da sai ɗansa ya riƙe masa buta sau biyar a rana yana jin abin a ransa, ko bai faɗa ba.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne ruwan ya zubo da kansa. Bokiti mai famfo a gindi, irin wanda 'yar Ghana Veronica Bekoe ta ƙirƙiro kuma ya bazu a lokacin korona, yana yin wannan aikin idan aka ɗora shi a kan kujera. Akwai wanda ya fi shi arha: a rataye galan a jikin sanda, a huda shi kusa da baki, a ɗaura igiya daga wuyansa zuwa wani katako da ke ƙasa. Da an taka katakon galan ya karkata, ruwa ya zubo, hannu kuma yana sake. Masu walda da suka ƙera wuraren wanke hannu na takawa da ƙafa a 2020 sun riga sun iya wannan aiki, sai dai a ce su rage tsayinsa ya dace da mai zama ya yi alwala. Sabulu kuwa, a saka shi cikin tsohuwar safa a rataye, ba zai riƙa sulɓewa ba.

Ta ɓangaren addini, malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda aka yanke wa hannu zai wanke abin da ya saura na inda ake wankewa, idan kuma babu abin da ya saura, wankin wannan gaɓar ya faɗi a kansa. Haka wanda ba shi da dama, babu laifi ya ci da hagu. Matsalar tana wajen jama'a. Mai ci da hagu a kwano ɗaya da mutane yakan sha kallo, har wasu su gwammace su ci su kaɗai a ɗaki.

A madafa

Matan Hausawa ba su saba yanka a kan katako ba. A hannu ake riƙe albasa ko kuɓewa, wuƙa tana sauka kusa da babban yatsa. Mai hannu ɗaya ba ta da wannan damar, don haka katakon yanka ya zama dole. Kafinta zai iya buga ƙusoshi biyu ko uku daga ƙasan katako su fito ta sama, a soka albasa ko dankali ko nama a kansu a yanka. A wata kusurwar a kafa 'yan katakai biyu su haɗu, su tare burodi ko duk abin da ake turawa. Ƙusar ta zama wadda ba ta tsatsa, kuma a rufe tsininta idan an gama, musamman a gidan da ke da yara. Don kada katakon ya zame, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ko yankin robar tsohon tubun mota a ƙarƙashinsa. A ƙasashen Turai akwai tabarmar roba ta musamman da ake sayarwa don wannan, amma aikin ɗaya ne.

Tuƙin tuwo ya fi wuya, domin tukunya na bin muciya. A nan Ghana ta riga ta samar da mafita ba tare da tunanin nakasa ba: masu tuƙa banku da tuwon zafi kan maƙala sandunan ƙarfe biyu a kunnuwan tukunya, su take su da ƙafa, tukunyar ta tsaya cak. Duk maƙerin da aka kwatanta masa zai iya yin su. Abin da ya rage shi ne ƙarfin damtse, wanda rage yawan tuwon ke sauƙaƙawa.

Kwalba da gwangwani a matse su tsakanin gwiwoyi. Ashana a bar ta a koma laita. Wanki kuma, a naɗe tufa a jikin ƙarfe ko turke a murɗa, ya matse.

Har wuƙar cin abinci tana da tarihi. Horatio Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya rasa hannun dama a yaƙin da aka gwabza a tsibirin Tenerife a 1797, daga nan ya koma amfani da wuƙa da cokali mai yatsu da aka haɗe wuri guda. Har yau ana kiran irinta wuƙar Nelson. Bakinta a lanƙwashe yake, ana danna ta a karkata gaba da baya, nama ya yanku ba tare da an riƙe shi ba.

Sutura da waya

Aikin tela a nan ba shi da yawa. A cire tazuge a sa roba. A bar maɓallan kaftani a sama don ado, a ɗinka maɗauri mai mannewa a ƙarƙashi. Wannan maɗaurin, wanda ake kira Velcro, wani injiniya ɗan Switzerland mai suna George de Mestral ne ya ƙirƙiro shi bayan ya lura da yadda wata ƙaya irin ƙarangiya ke maƙalewa a tufafinsa da gashin karensa. Zif kuma a saka masa zoben makulli, yatsa ɗaya ya ja shi. Mai shanyewar ɓarin jiki ana koya masa ya fara zura hannun da ba ya aiki idan zai sa riga, ya cire shi a ƙarshe idan zai tuɓe.

Ɗaurin zani da goyo sun fi gagara. Zani ana iya mayar da shi siket mai roba, amma goyo da majanyi yana buƙatar wanda zai tallafi jaririn har a ɗaure, kuma ba wurin gwaji ba ne.

Waya ce ta fi kowa saurin daidaitawa. Gboard yana da tsarin da ke matse allon rubutu zuwa gefe ɗaya don babban yatsa ya kai ko'ina, saƙon murya na WhatsApp kuma ya rage buƙatar rubutun gaba ɗaya. A kwamfuta mai Windows, danna Shift sau biyar yana kunna tsarin da ke ba mutum damar danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya maimakon a tare.

Ina batun hannun roba?

Ana yin gaɓoɓin roba a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, kuma ƙungiyar agaji ta ICRC ta taimaka wajen buɗe cibiyar irin wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020. Sai dai hannun roba ba kamar ƙafar roba ba ne. Ba ya jin taɓi, yana da nauyi, yana zafi a lokacin bazara, yaro kuma yana girma ya bar shi. Shi ya sa da yawa daga waɗanda suka samu sukan ajiye shi, sai za a fita taro. Ko wanda ya riƙe nasa yana buƙatar katakon ƙusa da famfon takawa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar kayan tallafi aƙalla guda, kuma kusan biliyan ɗaya ba sa samu. A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya wuce, kuma inda aka yi gyaran ma, hankali ya fi karkata ga hanyar keken guragu. Mariƙin ƙofa mai dannawa da gwiwar hannu maimakon mai murɗawa, da famfon da ba sai an riƙe shi yake zuba ba, ba su kai kuɗin buhun siminti nawa ba, amma ba kasafai ake tuna su ba.

Akwai kuma haɗarin da masu hannu ɗaya kan gano a makare. Hannun da ya saura yana aikin biyu, don haka ciwon kafaɗa da na wuyan hannu kan biyo baya cikin shekaru. Haƙori ma yana shan wahala, tun daga ɓare ledar ruwa zuwa buɗe murfin kwalba. Masu gashin ƙashi kan ba da shawarar a raba kaya masu nauyi kashi-kashi, a rataya jaka a kafaɗa ko a goya ta a baya maimakon riƙewa, a kuma kafa mabuɗin kwalba a jikin bango kusa da inda ake girki.