Neman Rangwamen Kuɗin Jirgi Daga Ƙasar Batsari da Safana

Wanda duk ya lura da al'amuran mutanen Batsari da Safana a 'yan shekarun nan zai ga cewa hawa jirgin sama, wanda a da ake ɗauka sha'anin sarakuna ne da attajirai da mahajjata, ya fara shiga lissafin matsakaicin mutum, ko ɗalibi mai neman ilmi a Masar, ko falke mai fatauci zuwa Ikko, ko dattijon da ya ƙulla niyyar Umra tun ƙarfinsa bai ƙare ba. Kuma kowannensu, da zarar azamar tafiya ta tabbata, ba abin da yake fara cigiya sai tikiti mai rahusa.

Sababin tsadar ba ɓoyayye ba ne, domin man jirgi da kayan gyaransa da hayarsa duk da dala ake ƙiyasta su, kuma tun watan Yuni na 2023, da hukuma ta saki Naira kasuwa ta yi mata daraja, komai ya tashi. Kujerar Hajji da ba ta cika Naira miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Ga kuma rashin amincin hanya, musamman bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya kora matafiya da yawa zuwa filayen jirgi, masu nema suka fi kujeru yawa.

Dabarun samun rangwame sanannu ne ga ma'abota tafiya: a yanki tikiti tun da sauran makonni, a kauce wa goman ƙarshe na Ramalana da ranakun salla, a tashi daga filin Malam Aminu Kano maimakon na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, inda jirage ba su da yawa, a kuma haƙura da zaman jira a Addis Ababa ko Alƙahira. Amma a nan ne, a ganina, matsalar take, domin waɗannan dabaru duka sun ginu a kan sharuɗɗan da mutumin karkara bai mallaka ba. Sayen tikiti da wuri yana bukatar tsabar kuɗi a hannu, alhali dukiyar manomin gefen Dajin Rugu tana cikin garke da rumbu, ba ta zama kuɗi sai da kaka ko ranar kasuwa. Garken kuwa ɓarayin daji sun kore shi, gonakin nesa an bar su, har a 2021 gwamnatin Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana, aka kuma yanke layukan waya a yankin na tsawon watanni, alhali a intanet ake tallar rahusar. Wanda bai ga farashi da idonsa ba dole ya miƙa amanarsa ga ejan, kuma ejan, ko da mai tsoron Allah ne, da ladansa.

Sa'an nan tikiti mai rahusa galibi ba a mayar da kuɗinsa, canja ranarsa ma sai da tara. Matafiyin da aka tare masa hanya tsakanin Batsari da Katsina ya yi hasarar kujera da kuɗi gaba ɗaya, shi ya sa masu hankali suke fita da kwana ɗaya ko biyu su sauka a birni, abin da aka rage a tikiti ya tafi a mota da masauki. Malaman fiƙihun Malikiyya sun sanya aminci ga rai da dukiya cikin sharuɗɗan istiɗa'a, wato samun ikon zuwa Hajji, kuma ga mutanen wannan yanki wannan sharaɗi ya fi wuyar cika a tafiyar da ke tsakanin ƙofar gida da filin jirgi.