Kibiyar Kwamfuta Mai Tsalle da Saƙon da Ke Firgita Jama'a

Akwai wani saƙo da yake ta zagayawa a zaurukan WhatsApp na 'yan'uwa da abokan aiki, musamman malaman makaranta da ɗaliban jami'a da akawuna, wanda ba a san marubucinsa ba, ba a kuma san inda ya yi karatunsa ba, sai dai kowa ya karɓa daga wani ya miƙa wa wani, saboda an rufe shi da gargaɗin cewa wanda ya karanta bai tura ba ya ci amanar jama'a. Abin da ya ƙunsa shi ne, wai duk wanda yake rubutu a kwamfutar tafi-da-gidanka, ya ga kibiyarta ta yi tsalle har kalmomin da yake bugawa suka faɗa tsakiyar wani layi dabam, to ya sakankance masu kutse sun shiga na'urarsa, suna kallon abin da yake yi, sun kuma kama hanyar asusun bankinsa. Wai magani kuwa ɗayan biyu ne, ko ya kai ta a yi mata fomat a ranar, wato a shafe dukkan abin da ke cikinta, ko ya latsa wata mahaɗa da aka liƙa a gindin saƙon ya sauke manhajar da za ta fatattake su. Daga nan sai aka jero waɗansu ƙananan da'awoyi, sahihai da raunana a cakuɗe, domin gaskiyar wasu ta ba ƙaryar sauran mafaka.

Ba na ganin laifin wanda ya gaskata. Mutumin da ya raba dare yana rubuta babin kundinsa, ya ɗaga kai ya tarar da sakin layi guda ya ɓace, haruffansa na ƙarshe kuma sun cusa kansu cikin wata jimla da ya gama tun ɗazu, alhali ya san bai taɓa kome ba, yana da uzuri idan zuciyarsa ta raya masa cewa akwai hannun wani. Wanda nake ganin laifinsa shi ne wanda ya zauna ya tsara wannan magana ba da ilimi ba, da kuma mai ilimin da ya tura ta ba tare da ya tsaya ya auna ba, alhali mun gaji tarbiyyar malaman hadisi, waɗanda ba sa karɓar labari sai sun binciki isnadinsa sun kuma auna mataninsa. Isnadin wannan saƙo yankakke ne tun daga tushe. Saura mu duba matanin.

Ɗan faifan nan mai santsi da ke gaban madannai, wanda ake shafawa da yatsa a motsa kibiya, bai yaɗu a kwamfutoci ba sai daga shekarar 1994, lokacin da kamfanin Apple ya sa shi a jerin PowerBook 500, kuma a yau kamfanoni irin su Synaptics da Elan da Alps ne suke ƙera mafi yawansa. Ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashin fuskarsa akwai siraran layukan lantarki da aka saƙa a tsaye da kwance, kuma da yake jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, da zarar fata ta taɓa shi, kome sauƙin taɓawar, sai ma'aunin wurin ya sauya, na'ura ta lissafa inda aka taɓa. To faifan ba shi da hankalin da zai bambance niyya da kuskure, sai gwargwadon abin da manhajarsa ta koya masa, don haka idan tudun tafin hannu ko gindin babban yatsa ya goge shi a yayin da sauran yatsu suke kan madannai, yana iya ɗaukar wannan a matsayin umarni.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da cewa alamomi biyu ne a fuskar kwamfuta: akwai kibiyar da ke yawo, akwai kuma ɗan tsinken nan mai ƙiftawa wanda ke nuna inda harafi na gaba zai sauka. A galibin kwamfutocin Windows an saita faifan ta yadda ɗan bugu guda da yatsa yake daidai da latsawa. Saboda haka idan tafin hannu ya ɗan buge shi, sai tsinken ya bar inda kake rubutu ya koma duk inda kibiya take kwance a lokacin, kai kuwa idonka yana kan madannai ko kan takardar da kake kwafa, ka ci gaba da bugawa ba ka sani ba. Idan kuma bugun ya haɗu da ɗan ja, sai a zaɓe layuka da yawa, harafin farko da ka buga ya maye gurbinsu duka. Wannan shi ne sirrin sakin layin da ya ɓace, kuma danna Ctrl tare da Z nan take yana mayar da shi.

Yanzu sai babbar da'awar, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba zan ce mustahili ne wani ya sarrafa kwamfutar wani daga nesa ba, domin abu ne tabbatacce. Akwai manhajoji halattattu irin su TeamViewer da AnyDesk da aka yi su musamman domin mai gyara ya taimaki mutum daga wani gari, kuma 'yan damfara sukan yaudari mutane su sauke su da hannunsu. Amma yiwuwar abu daban, hujjar aukuwarsa daban. Hannun mutum yana da manufa: za ka ga kibiya ta miƙe zuwa wani wuri, ta buɗe taga, ta shiga akwatin wasiƙu ko shafin banki, kuma za ta yi haka ko hannuwanka suna kan cinyarka. Tsallen da saƙon yake magana a kai kuwa ba ya zuwa sai kana bugawa, ba ya buɗe kome, ba ya nufin ko'ina. Ban da haka, wanda ya shigo satar lambobin sirri babu abin da yake so kamar kada a ji motsinsa, gama ɓarawo ba ya shiga gida da kalangu a hammata. Mafi yawan manhajojin leƙen asiri ba sa taɓa kibiya ko kaɗan, wanda hakan ke nufin natsuwar kibiya ba shaidar lafiya ba ce, kamar yadda tsallenta ba shaidar kutse ba ne.

Wanda yake son yaƙini a maimakon zato yana iya samunsa a zama ɗaya, ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Da farko ya yanke intanet gaba ɗaya, ya kashe Wi-Fi ya zare waya idan akwai, sa'an nan ya ci gaba da rubutu. Idan tsallen bai daina ba, to babu wani mutum a nesa da yake riƙe da kibiyar a wannan lokaci, tunda hanyar da zai bi ta yanke. Na biyu ya kashe faifan kansa, ko daga saitunan na'ura a sashen da aka rubuta wa Touchpad, ko da maɓallin Fn haɗe da ɗaya daga cikin maɓallan saman allo mai hoton faifai, wanda wurinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ya yi rubutu na ɗan lokaci. Idan tsallen ya ɗauke, magana ta ƙare, an kama mai laifi. Iyakar abin da waɗannan gwaje-gwaje suke tabbatarwa shi ne musabbabin tsallen. Ba su zama shaidar cewa na'ura ta tsarkaka daga kowace irin cuta ba, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba sai ya sa Microsoft Defender, wanda ke zuwa kyauta cikin Windows 10 da 11, ya bincike ta ciki da bai.

Illar wannan da'awa tana cikin maganin da ta rubuta. Wanda ya ruga a firgice aka yi wa kwamfutarsa fomat bai kwafe kayansa ba, ya yi asarar kundi da hotunan iyali da lissafin kasuwa, ya biya kuɗin aiki, sa'an nan ya dawo gida da tafin hannun da ya tafi da shi, tsalle kuma ya ci gaba. Garin neman gira an rasa ido. Wani lokaci ma abin ƙaruwa yake yi, domin manhajar da kamfani ya sa wa faifan, wadda masu gyara ke kira direba, ita ce take ɗauke da dabarar gane tafin hannu ta yi watsi da shi, kuma idan aka sake zuba Windows ba a mayar da ita ba, na'ura tana iya ɗaukar faifan a matsayin linzami na gama-gari wanda bai san wannan dabara ba. Magani na biyu kuwa ya fi muni nesa ba kusa ba, domin sauke manhajar da ba a san asalinta ba daga mahaɗar da ba a san mai ita ba, ita ce ainihin ƙofar da masu kutse suka fi shigowa ta cikinta. Ban buɗe wannan mahaɗa ba, ba kuwa zan yanke hukunci a kan abin da ke bayanta ba. Abin da na sani shi ne, babu wani kamfanin kirki da yake raba magani ta wannan hanya, kuma duk wanda ya nemi ka karanta masa lambar BVN ko lambar da banki ya turo maka da sunan zai gyara maka kibiya, to ɗan damfara ne ba tare da wata shakka ba.

Gyaran gaskiya ƙarami ne. A sashen nan na Touchpad cikin saituna akwai ma'aunin saurin jin faifan mai hawa huɗu, sai a sauke shi zuwa na ƙasa. Akwai kuma zaɓin da ke mayar da bugun yatsa ɗaya latsawa, wanda idan aka cire shi tsinken rubutu ba zai ƙara ƙaura ba sai an danna da gangan. Mai amfani da linzami na waje yana iya umartar na'ura ta kashe faifan duk lokacin da aka jona linzamin. Tsofaffin kwamfutocin da ba su bi tsarin da Microsoft ya fito da shi tare da Windows 8.1 a 2013 ba, saitunansu suna cikin shafin linzami, ƙarƙashin sunan kamfanin da ya ƙera faifan, kuma daga shafin kamfanin kwamfutar kaɗai ya kamata a ɗauko direba. Masu ThinkPad, da waɗansu Latitude da EliteBook da suka cika kasuwannin kayan gwanjo, su tuna da ɗan ƙullutun nan da ke tsakanin G da H da B, wanda IBM ya fito da irinsa a 1992; shi ma linzami ne, yatsa yakan ture shi, wani lokaci kuma yakan ja kibiya a hankali shi kaɗai, sai an sake shi na 'yan daƙiƙoƙi ya daidaita kansa, kuma ana iya kashe shi idan ba a bukatarsa.

Adalci ya wajabta in faɗi inda saƙon ya yi gaskiya. Ya ce caja marar kyau tana haukata kibiya, kuma haka ne, domin cajar jabu, ko filogin da aka karya ƙafarsa ta uku mai kai wuta ƙasa, ko wutar ƙaramin janareta marar daidaito, duk suna iya watsa hargitsin lantarki a jikin na'ura har ya rikita ma'aunin faifan. Alamarsa ita ce kibiya ta riƙa karkarwa idan an jona wuta, ta natsu da zarar an zare aka koma kan batir. Ya kuma ce danshi yana kawo haka, wannan ma sahihi ne, ko gumi ne, ko ragowar ruwan alwala, ko man da ake shafawa lokacin hunturu, sai a busar da hannu a goge faifan da ƙyalle mai laushi. Sauran da'awoyin saƙon kuwa ba su cancanci dogon bayani ba. Turakun 5G ba su da hannu, tunda ana fama da wannan matsala tun kafin a kafa su. Goge faifai da kananzir ko fetur ɓarna ce. Zaɓin nan na ɓoye kibiya yayin rubutu ɓoye ta kawai yake yi, ba ya hana ta aiki. Cewa kuma tsohon mai kwamfutar ne a Turai yake juya ta, gwajin yanke intanet ya isa amsa.

Abin takaici shi ne, marubucin ya cika takarda da barazana ya bar haɗari guda ɗaya na haƙiƙa. A kwamfutoci da yawa batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan, kuma batirin litiyam idan ya tsufa ko zafi ya dafa shi yakan tara iska ya kumbura, ya turo faifan sama, sai latsawa ta yi tauri ko ta riƙa aukuwa da kanta. Wanda ya ga faifansa ya ɗago, ko bakin kwamfutar ya buɗe, ko ta ƙi zama daidai a kan tebur, ya kashe ta ya daina yi mata caji, kada ya danne kumburin, kada kuma ya yarda wani ya huda shi da allura da sunan fitar da iska, domin irin wannan batir yana kamawa da wuta. Saboda tsoron gobara ne ma kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 a shekarar 2006. Maganinsa canji ne, a hannun wanda ya san aikin.

Idan an bi duk waɗannan matakai tsallen bai daina ba, to mai yiwuwa faifan ne ya lalace, ko igiyarsa ta ciki ta saki, ko wani maɓalli ya maƙale saboda ƙura, kuma a nan ne zuwa wurin mai gyara ya zama wajibi. Sai dai kafin a fita gida a kwafe muhimman takardu a filashi, a cire kalmomin sirrin da aka ajiye a na'urar, a kuma gaya wa mai gyaran sakamakon gwajin da aka yi ɗaya bayan ɗaya. Idan ya buɗe baki da maganar fomat tun bai kunna ta ba, a ɗauki kwamfuta a nemi wani. Allah ya tsare mana dukiyarmu da wahalarmu, amin.