Jerin Sunaye Bisa Ƙa'idar Harshen Istoniya a Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Kowane harshe da irin nasa jerin baƙaƙe, na'ura kuwa ba ta san wannan ba sai an sanar da ita. Harshen Istoniya, a arewacin Turai, kyakkyawan misali ne. Abajadinsa baƙi 32 ne, idan an haɗa da na baƙin sunaye. A cikinsa Z ba ya ƙarshe: bayan S sai Š, Z, Ž, sa'an nan T. Wasulan Õ, Ä, Ö, Ü kuma suna bin bayan W. Saboda haka Zürich kan riga Tartu a jeri.

A dubi garuruwa huɗu na ƙasar. Jerinsu na daidai shi ne Valga, Viljandi, Võru, Vändra. In na'ura ta bi lambobin Unicode kawai, sai ta sa Vändra gaban Võru. In ta bi ƙa'idar Faransanci, sai ta ɗauki Ä tamkar A, Vändra ya koma na biyu. Maganin abin, mai tsara aikin ya ambata harshen da alamarsa "et", domin na'ura ta ɗauko ƙa'idarsa daga taskar CLDR.

Masu shirya ƙamus da rajistar ɗaliban yaƙi da jahilci su lura: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ na Hausa ma haka suke bukatar a tantance mazauninsu tun kafin a fara jeri.