Wasanni da Nishaɗin Bakin Ruwa a Yammacin Zamfara

Idan aka ce nishaɗin bakin ruwa, ana nufin duk wani wasa ko motsa jiki da al'umma kan yi a gulbi ko tabki ko gungu domin hutawa da raha. A ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, ba a keɓe wani dandali na musamman domin wannan ba. Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa yankin kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi, shi ne babban filin wasan, tare da tabkunan da yakan bari a fadama bayan damina.

Lokaci shi ke yanke irin wasan da za a yi. Da rani, idan ruwa ya janye, sai yashi ya bayyana, ƙananan gungaye su fito a tsakiyar gulbi. A nan samari kan yi kokawa da langa, yara kuma su koyi iyo a kan gora, kafin su kai ga nutso da tseren ninƙaya. Mafi armashi shi ne su na gayya, inda jama'a kan faɗa gurbi ɗaya da homa da gora bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini. Hikimar wannan izini a fili take, domin hana taɓa gurbin na wasu watanni shi ke ba kifi damar hayayyafa da girma. Irin wannan al'ada ce ta bunƙasa a Argungu tun daga 1934, har ta ƙunshi kabanci, wato tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, kuma UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016.

Da damina kuwa, gulbi ba abokin wasa ba ne. A watan Satumba na 2024 kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. Ruwan da ke kwance yakan ɗauki ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ta haddasa fitsarin jini. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma, wadda ta kashe yara kimanin 400. Niƙa dutsen zinariya a gidaje shi ne tushen annobar, wankinsa kuma ya gurɓata wasu kududdufai.

Saboda haka, malamin da zai kai ɗalibai ziyarar gani da ido sai ya fara neman shawarar Sarkin Ruwa da hakimi, musamman kan tsaron hanya, ganin yadda 'yan bindiga suka addabi yankin. Ya zaɓi rani, ya ƙirga ɗalibansa kafin shiga jirgi da bayan fita, kada kuma ya bar kowa ya tsoma ƙafa a kududdufin da ke kusa da wurin wankin ma'adinai.