IJMB: Ƙofa ta biyu ga masu son karanta Tarihi a Samaru

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, matasa da dama a Samaru da Sabon Gari kan koma gida jiki a sanyaye saboda makinsu bai kai ba. Sai dai ba a nan hanya ta ƙare ba.

Tun 1976 Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da IJMB, karatun share fage na kusan shekara guda. Ɗalibi kan ɗauki darussa uku, misali Tarihi da Gwamnati da Hausa. Idan ya ci, zai iya neman shiga aji biyu kai tsaye. Wanda kuma kiredit ɗinsa na WAEC ko NECO bai cika ba, akwai makarantar SBRS ta jami'ar a Funtuwa.

Ga mai son Tarihi, wahalar ta cancanta, domin sashen da zai shiga shi ne wanda Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka koyar a cikinsa.

Sai dai kafin iyaye su biya ko sisi, su tabbatar hukumar IJMB ta amince da cibiyar, kada a yi asarar kuɗi da shekara guda.